Wasiƙar Da Ruwan Teku Ya Jiƙa A Damagaram

Jiya a fada ɗan ƙanwata ya dube ni, waya a hannunsa tana ƙyalli kamar idon kyanwa, ya ce, "Kawu Mutari, wai da gaske shekara talatin ka yi a posta kana lasar tambur?" Abokansa suka kwashe da dariya har mai shayi ya ɓarar da kumfa. To, na ji. Ku da kuke danna ɗan yatsa magana ta isa Makka kafin ku sauke numfashi, ku gyara zama in gaya muku yadda ake lasar.

Ranar da na kama aiki na zo da takardar lakwal, wato ta makarantar boko, a aljihu, da wando mai karin guga wanda in ka yi wasa sai ya yanke ka. Aka miƙa ni hannun Mushe Ari, resebar ɗinmu, wato shugaban biro, ofishin namu. Mushe ɗin na faransanci ne, wato malam, ba na dabba ba. Babarbare ne ɗan Birni, dogo, siriri, gilashi a ƙarshen hanci kullum kamar zai faɗi amma bai taɓa faɗuwa ba. Ba ya dariya a wurin aiki. Mutanen biro sun ce a gida yake ajiye ta cikin adaka, ranar Lahadi ya fiddo ta ta sha iska ya mayar. Ya dube ni daga hula har takalmi, ya ce, "Wushe," sannun Barebari ke nan, ya miƙo mini tampo.

Tampo hatimin ƙarfe ne mai mariƙin itace, da 'yan lambobi a ciki da ake juyawa kowace safiya su ba da kwanan wata. Na ɗauka yau zan fara buga wasiƙun gwamna. Sai ya jawo tulin takardun buhun siminti ya ce in buga a kai. Wata uku ina buga siminti. Rabin hatimi a kan tambur, wato kan sarki, rabi a kan ambulan, kwanan wata ya fito sarai yadda makaho ma zai shafa ya karanta. A lokacin akwai wani tambur mai hoton raƙumin dawa, sai Mushe ya ce tawada ta taɓa ƙafarsa amma kada ta rufe masa ido, don dabbar ba ta yi mini laifin komai ba. Kafin wata ukun su cika damtsena na dama ya ninka na hagu biyu. In ina tafiya a Zango har karkacewa nake, mata suna tambayar uwata ko ciwo ne.

Bayan tampo sai sikeli. Ɗan ƙarami ne na tagulla, da duwatsun awonsa a jere kamar 'ya'yan gida ɗaya, daga babban wa har auta wanda bai kai ƙwayar gujjiya ba. Kuɗin aika wasiƙa abu biyu ke yanke shi, nauyinta da nisan inda za ta. Amma Mushe Ari bai yarda ka dogara da tagulla ba. Yakan ɗora maka wasiƙa a tafin hannu ya ce, "Faɗi." In ka kuskure, sai ka share biro. Na share biron nan har na san kowace tururuwa da danginta. Daga baya hannuna ya faɗa. Yanzu haka in matata ta miƙo mini tuwo na san ko ta rage.

Ku kuna tsammani mutum zai zo gishe, tagar da ake sayar da tambur, ka faɗa masa kuɗi, ya biya ya tafi. Ba a Damagaram ba. Mutumin Damagaram ko likkafani zai saya sai ya taya. Wani Alhaji ɗan kasuwar Dole ya zo da wasiƙa zuwa Kano, na auna na ce dala ashirin.

"Sallama sha biyar."

"Alhaji, ba a ciniki, kuɗin gwamnati ne."

"Gwamnatin ba ta san ni ba ne? Sha bakwai, don albarkacin mahaifinka."

Da ya ga babu sauƙi ya biya, sannan ya tsaya yana kallona. Na ce lafiya? Ya ce, "Gyara fa? Ɗan ƙaramin tamburin can ma ya isa."

Wani kuma da na ce masa wasiƙarsa ta zarce awo da kaɗan, sai ya koma wajen malamin da ke rubuta wa mutane wasiƙa a bakin ƙofa, ya ce a cire gaisuwar surukai, ya san su ne suka yi nauyi. Wata tsohuwa ta cusa daddawa a ambulan za ta aika wa ɗanta soja. Ban gane ba sai da rana ta take. Buhun nan har ya bar gari karnuka na yi masa rakiya, direba kuwa ya rantse ba zai sake ɗaukar kayanmu ba sai an yi masa turare.

Maganar lasa kuwa, gaskiya ne, na lasa. Akwai ɗan soso cikin gwangwani da aka tanada don jiƙa tambur, amma soso ruwa yake so, ku kuwa kun san garinmu. In bazara ta kama, famfo ya yi wata bai ce uffan ba, soson nan yakan bushe ya koma kamar ƙosan shekaranjiya. Sai harshe. Gam ɗin da na haɗiya a aikin nan, in aka tara shi, zai liƙe duwatsun Birni biyu su zama ɗaya.

Da na shekara biyu aka ba ni hula mai baki, da jaka ta fata, da wata mobilet, 'yar babur da ta girme ni, aka ce na zama faktar, mai raba wasiƙu na ƙauye. Ina bin Gaffati da Zermu da Hamdara, kowanne ranar kasuwarsa. A ƙauye ba lambar gida, ba sunan titi. Sai ka ga an rubuta, "A ba Habu wanda sa ya taka, bayan rijiya." Ka isa ka tarar Habu uku ne, biyu sa ya taka su. Shi ya sa nake tsayawa gindin tsamiya a tsakiyar kasuwa in yi ta kiran suna da ƙarfi, mai wasiƙa ya fito ya karɓa a gaban jama'a. Ina jin daɗin abin ƙwarai. Murya gare ni, kuma hular ta karɓe ni.

Sai muguwar shekara ta zo. Albashi ya tsaya, wata ya bi wata, har mai gidan haya ya daina gaishe ni ya koma gaida mobilet, don ita yake sa ran karɓewa. Kamiyon da ke kai buhunan arewa ya koma zuwa sau ɗaya a sati biyu. Ana cikin haka aka ƙara kuɗin tambur ba tare da an yi shela ba. Mutane suka ci gaba da manna abin da suka saba. Ka'ida kuwa ta ce wasiƙar da tamburinta bai cika ba, wanda aka aiko wa shi zai biya tara, ninki biyu na abin da ya rage. In ya ƙi, faktar ya rubuta "rafize" da jan alƙalami, wato an ƙi karɓa, a mayar wa mai ita. Shekarar nan na zama kamar mai karɓar haraji. In na shigo kasuwa sai ka ga mutane suna ɓuya bayan jakunansu.

Ranar wata kasuwar Zermu, hatsi ya nuna ana shirin girbi, na zaro wata wasiƙa mai kauri daga Arlit. Tun a biro na ɗora ta a hannu na ji akwai wani ɗan ƙulli a kusurwa. Tsohon tambur ne a kai, ga nauyi, tara ta hau ta. A gaba an rubuta Nomau mai igiya, a baya Lawali Nomau. Na gyara hula na buɗe murya.

"Nomau mai igiya! Wasiƙa daga Arlit, daga ɗanka Lawali! Akwai tara, dala goma sha biyu!"

Kasuwa ta yi tsit, har awaki suka saurara. Baba Nomau yana zaune taku biyar daga inda nake, tsoho ne baƙi mai farin gemu, ya ɗora kaba a cinya yana tufka. Bai ɗago kai ba.

Na matsa na ce, "Baba, ina wuni? Ka'ida ta ce in tambaye ka sau uku. Ka san mai aikowa?"

"Wa?"

"Lawali. Ba ɗanka ba ne?"

"Yara da yawa ne a garin nan."

Wani mahauci ya yi ta yi mini tari yana ƙifta ido. Na ɗauka hayaƙin tsire ne ya shige shi. A raina na ce wannan tsoho rowa ce ke damunsa, dala goma sha biyu ta sa ya manta ɗansa.

"Baba, karo na biyu. Kana karɓa?"

"Ka ba mai bukata."

"Karo na uku, Baba."

"Ɗan nan, ka tare mini haske."

Na zaro jan alƙalami da alfahari, na ɗora wasiƙar a kan sirdin mobilet, na rubuta "rafize" da manyan baƙaƙe, na sa kwanan wata, na sa hannu har da wutsiya. Na jefa ta jaka.

Ina tura mobilet ta bayan rumfunan hatsi sai wata mace ta tare ni, da 'yar yarinya mai kamar shekara uku riƙe da zanenta. Indo ke nan, matar Lawali.

"Faktar."

"Na'am."

"Kai ɗan wane gari ne?"

"Damagaram, unguwar Zango."

"A Zangon ba a haihuwar ɗan fari?"

Wallahi sai na ji hular nan ta yi mini nauyi kamar turmi. Ni da uwata har ta koma ga Allah ba ta taɓa faɗin sunan babban wanmu ba, sai dai "wancan", in ya shigo ɗaki ta kau da kai tana faɗa da kaji. Na san wannan tun ina tsumma, lakwal da hula suka wanke mini shi tas. Dattijo kamar Baba Nomau ba zai amsa sunan ɗan farinsa a tsakiyar kasuwa ba, balle ya kwance lalita yana rawar jiki ya biya don ya ji muryarsa. Daga baya na ji yadda tsohon faktar ɗin da na gada yake yi. Yakan tsuguna ya taya igiya, ya tura wasiƙa ƙarƙashin tabarma, ya ce wani baƙo ya bar saƙo. Kuɗin tara kuwa sai su iske shi a bakin gari a hannun wani ƙane.

Indo ta ce, "Damina uku ba labari, ba saƙo. Ni ke noma da tsohon nan, ni ke yi masa fura. Na gaya masa in aka ɗaure dammunan bana ban ji komai ba, zan je gaban alƙali a raba, in koma gidanmu Hamdara da yarinyar nan. Ba ni, ni in biya."

"Ba sunanki ke kai ba. Kuma jan alƙalami ya riga ya hau."

Na yi ƙoƙarin gyarawa, na ce ai ko ba komai ta ga yana da rai. Ta ce, "Ambulan ba magana ba ce. Wa ya san abin da ke ciki? Ko takardar sakina ce." Ta ja hannun 'yarta, ta juyo ta ƙara da cewa, "Ka mayar masa. Ya buɗe buhu ya ga ubansa ya ƙi shi, mu ga ko zai sake tako ƙasar nan."

Na dawo gari mobilet na tari ni ma ina tari. Na shiga wajen Mushe Ari na kwashe duka na faɗa masa, na roƙe shi a goge jan rubutun. Ya juya ya sauko da littafin ka'ida.

Littafin nan sai na gaya muku. Baƙi ne, kauri kamar tubali biyu, tun na zamanin Nasara. Ba don mu aka rubuta shi ba. An rubuta shi ne don wani gari na bakin teku inda jiragen ruwa ke sauke buhunan wasiƙa, wani kwamanda ya ɗauko shi ya kawo nan ya manta. Akwai babin abin da za a biya mai tuƙin jirgi kan kowace wasiƙa. Akwai babin tutar da za a ɗaga in an hango jirgi. Akwai babin yadda ake yi wa wasiƙa hayaƙi in jirgin ya zo da annoba. Mu kuwa ruwa mafi girma da muka sani shi ne tabkin bayan gari, wanda jaki ke ƙetarewa cikinsa bai jiƙe ba. Sababbin ka'idoji suna zuwa daga can sama a 'yan takardu, amma ba wadda ta taɓa cewa an soke tsohon littafi, don haka a wurin Mushe yana nan da ransa. Ya buɗe, ya bi layi da yatsa, ya ce, "Wadda aka ƙi ta koma ta mai aikowa. Ko sarki ba ya karɓar ta. Buhun arewa, Alhamis da azahar." Ya rufe. Ya ce in share biro.

Ranar Talata da hantsi ina gishe sai ga jaki a ƙofa, da tulin igiya, da Baba Nomau. Tun daga Zermu, a tsakiyar girbi. Ya shimfiɗa buzu a inuwar bango, daidai ƙarƙashin taga, ya zauna. Na fita na durƙusa na gaishe shi, ya amsa kamar bai taɓa ganina ba.

"Baba, lafiya ka zo gari?"

"An ce kuna ɗaure buhuna. Na ce bari in kawo igiya."

Mushe Ari ya fito ya sayi guda. Tsoho bai tashi ba. Laraba ya dawo, Mushe ya sayi biyu. Tsoho ya zauna yana tufka, duk wanda ya fito da takarda a hannu sai ya bi takardar da ido har ta sha kwana. Can da la'asar ya kira ni.

"Ɗan nan, buhun da ke zuwa arewa, wane ne a ciki?"

Na nuna masa ta taga, yana rataye a ƙusa da bakinsa a buɗe.

"In an ɗaure shi, ana kwancewa?"

"Ba a kwancewa, Baba. Dalma ake matsewa a kan ƙullin."

"To. Igiyar nake tambaya, ko tana da ƙarfi."

Mushe Ari yana teburinsa yana ji, bai ɗago ba. Amma na lura shafi ɗaya yake kallo tun azahar.

Alhamis da safe tsoho ya riga mu zuwa. Na jera wasiƙun arewa, na ɗaure su dami-dami, ta Lawali a sama da jan rubutuna yana harara ta. Ƙarfe goma sha ɗaya muka ji kukan kamiyo daga wajen tasha. Sai Mushe ya cire gilashi ya goge, abin da ban taɓa gani ba, ya ce, "Mutari, kawo butata. Ka je wajen mai shayi ka roƙo gishiri."

Ku sani satin nan ruwa ya fi man mobilet tsada, butar nan ita ce alwalarsa ta yini. Ya tsiyaye rabi a murfin kwano, ya barbaɗa gishiri, ya dama da gindin alƙalami. Ya ɗanɗana ya ce in ƙara. Sannan ya buɗe baƙin littafi can wajen ƙarshe, inda gara ta fara ci, ya karanta mini da murya irin ta mai huɗuba. Babin ya ce wasiƙar da ruwan teku ya taɓa a hanya ba a mayar da ita, ko me aka rubuta a bayanta. Ma'aikata biyu su buɗe ta, su shanya, su karanta don su tabbatar da mai ita, su miƙa masa ba tara, tare da ban haƙuri.

Na ce, "Mushe, daga Arlit fa ta zo. Rairayi ne zalla."

"Ka taɓa zuwa?"

"A'a."

"To, kada ka yi shaidar abin da ba ka gani ba. Littafi ya ce ruwa mai gishiri. Ɗanɗana."

Na ɗanɗana.

"Mene ne wannan?"

"Teku ne, Mushe."

Ya kama wasiƙar da yatsa biyu ya tsoma gefen da na yi rubutu. Jan tawada ya narke, sa hannuna da wutsiyarsa suka bi ruwa. Ya zauna ya rubuta rahoto da faransanci mai kyau, irin wanda ko Bafaranshe sai ya nemi ƙamus, cewa igiyar ruwa ta bugi buhu tsakanin Agadas da Tanut. Muka sa hannu mu biyu, na buga tampo. Bayan wata huɗu amsa ta zo daga can sama, an yaba da himmarmu, an kuma ba da shawara nan gaba a riƙa ɗora buhuna a benen jirgi na sama.

Mushe ya farke ambulan da wuƙar takarda. Takarda biyu, da manda ɗaya, wato takardar karɓar 'yan kuɗi a posta, da ɗan ƙullin auduga. Ya ce, "Buɗe taga sosai, takarda na son iska. Karanta. Ka ɗaga murya, kunnena ya yi nauyi." Mutumin da yake jin faɗuwar allura daga ɗaki na uku.

Na tsaya jikin taga, ƙeyar Baba Nomau tana ƙasa da ni, na karanta da muryar kasuwa. Shafi ɗaya da rabi gaisuwa ce. An gai da Baba, an gai da liman, an gai da mai gari, an gai da mahauci, an tambayi lafiyar jaki. Sannan maganar ta zo. Bango ya faɗo masa a ƙafa a wurin gini, ya yi wata da watanni a kwance, ya warke ba aiki, ya ji kunyar aiko da takarda hannu wofi. Yanzu ya samu gadi a wani kanti. Yana roƙon Baba gafara. Abin da ke cikin auduga na uwar yarinya ne, a ce mata ta ƙara haƙuri. Na juya takarda gaba da baya, ba saki, ba mai kama da shi. Mushe ya warware audugar, 'yan kunne ne na azurfa ƙirar Buzaye.

Da na leƙa ƙasa, kabar ta zame daga cinyar tsoho, tufkar ta warware kusan kamu guda, bai sani ba.

Mushe Ari ya sa hularsa, ya ɗora komai a kan faranti, ya fita ya tsaya ƙiƙam kamar ranar fareti.

"Malam Nomau, gidan posta na ba ka haƙuri. Wata wasiƙa taka ruwan teku ya jiƙa ta a hanya."

Tsoho ya dubi farantin, ya dubi Mushe.

"Teku?"

"Teku."

"Allah ya kyauta. Bana kam ruwa ya yi yawa."

Ya ɗauka da gefen riga kamar mai ɗaukar garwashi, ya tura cikin hula, ya mayar da hular ka. Ya bar mana sauran igiyar duka, ya ce ta yi wa jaki nauyi. Mun shekara shida muna ɗaure buhu da ita.

Kasuwa ta gaba ban yi kiran suna ba. Na bi rumfa-rumfa ina raɗa kamar mai neman bashi. Indo ta same ni a gindin tsamiya, kunnuwanta wayam, 'yan kunnen a ƙulle a bakin zane. Ta ce in rubuta mata amsa.

"Ka ce sun iso. Ka ce ba zan saka ba sai mai su ya zo ya gani da idonsa. An ɗaure dammuna, amma na ƙara masa zuwa kamawar azumi. In an ga wata bai zo ba, ya aiko a karɓar masa kayansa a Hamdara."

"Ba gaisuwa?"

"Ya sha gaisuwa a tasa, har jaki ya samu."

Ta sa na gwada nauyin a hannun dama, na sake a hagu, ta biya, ta ce in ƙara tambur ɗaya a kai don kada wani mai hula ya tsaya masa a kasuwa. Na manna. Wannan kam da harshe na lasa, don ladabi.

Sauran kwana huɗu azumi, ina Zermu, sai wata motar gishiri ta tsaya bakin kasuwa. Wani mutum ya sauko daga saman kaya yana ɗingishi, da jaka ɗaya. Mahauci ne ya fara ihu, "Lawali!" Kasuwa ta watse ta yi kansa. Mata na guɗa, wani ya ruga gida ya kira Indo, 'yar yarinya ta ɓuya bayan zanen wata tana leƙen baƙo. Lawali ya ratsa mutane ya zo ya zube gaban ubansa, goshi a ƙasa.

Baba Nomau ya tashi ya zagaye shi kamar an ajiye buhu a hanya, ya nufi direba. Ya gai da shi, ya tambayi hanya, ya tambayi iyali, ya tambayi kuɗin gishiri a Bilma, ya tambayi tayar baya ko sabuwa ce. Direban da bai taɓa ganinsa ba ya yi ta amsawa yana waige-waige. Da gaisuwa ta ƙare sai tsoho ya gangaro inda nake, ya tsaya kusa da mobilet, ya ba taron baya.

"Faktar."

"Na'am, Baba."

Ya rage murya. "Kai da ka dube shi. Ya rame?"

Na ce, "Ina! Baba, ya yi ƙiba, har wuya ya ajiye. Da ƙyar motar ta ɗauko shi."

Idonsa na kan tayar mota ya ce, "Ƙarya kake yi, ɗan nan. Wuyan kamar karan dawa."

Ya kwance lalitarsa, ya nufi rumfar mahauci, ya nuna cinya guda.